Kafin a yi wa kwamfutar Linux fomatin, a karanta abin da ta rubuta a allo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da masu shagunan buga takardu, da malaman da aka damƙa wa ɗakunan kwamfuta a makarantu, da 'yan'uwanmu masu gyara a nan Katsina da Daura da kewaye.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10. Ita kuma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa. Da yawa daga cikin laftof na hannu da ke yawo a kasuwanninmu, tsofaffin EliteBook da Latitude da ThinkPad, ba su kai nan ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Wannan ya sa mutane suka fara karkata ga Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya faro a Finland a 1991, wadda kowa ke da izinin sauke ta kyauta ya raba wa wanda ya ga dama. Muna murna da haka. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da aka taho da ita daga Windows: da zarar kwamfuta ta ƙi tashi, sai a ce a yi mata fomatin. A haka ake asarar sakamakon jarrabawar ɗalibai da lissafin shago, a sake ƙona data wajen sauke manhajoji, bayan sati biyu kuma matsalar ta dawo tunda ba a taɓa tushenta ba. Rushe ɗaki ne don kwaɗo ya ƙi buɗuwa. Linux tana faɗin abin da ke damunta a rubuce, sau da yawa har da umarnin da za a buga a gyara. Mutane ne ba sa tsayawa su karanta.

Duk abin da za mu faɗa ya shafi Debian, da Ubuntu da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a kanta a 2004, da Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu. Gidansu ɗaya, umarninsu kusan ɗaya. Ga makaranta ko shago, a ɗauki zubin da ake kira LTS, wanda a Ubuntu ke fitowa watan Afrilu duk shekara biyu kuma ake kula da shi shekara 5. Ubuntu 24.04 da Mint 22 za su kai 2029. Sauran zubin Ubuntu na tsakani wata 9 kacal ake kula da su, ba na wurin aiki ba ne. Kwamfuta mai RAM gigabait 4 kuwa a ba ta Mint mai fuskar Xfce (fuska ita ce tsarin tagogi da maɓallan da ake gani a allo), a bar Ubuntu mai fuskar GNOME ga masu 8.

Babban abokin gabar Linux a ƙasar nan ɗauke wuta ne, musamman ga kwamfutar tebur da laftof ɗin da batirinsa ya mutu. Illarsa iri biyu ce, kuma dole a bambance su.

Ta farko, wuta ta tafi ana tsakiyar sabunta manhajoji. Kwamfutar za ta tashi, amma duk abin da aka nemi sakawa sai ta ƙi, ta rubuta "dpkg was interrupted". Ma'anarsa an kwance wasu ƙunshin manhaja ba a gama ɗaure su ba. A buɗe taminal, wato tagar da ake buga umarni, a buga `sudo dpkg --configure -a`, a bar shi ya ƙare komai daɗewarsa, sannan `sudo apt --fix-broken install`, sannan `sudo apt update`. Shi ke nan a mafi yawan lokuta. Akwai wani saƙo da ake rikita shi da wannan, mai cewa "Could not get lock /var/lib/dpkg/lock-frontend". Wannan ba lalacewa ba ce. Kwamfutar ce ke sabunta kanta a bayan fage, ta kulle ƙofa don kada aiki biyu su haɗu a wuri ɗaya, kuma saƙon yakan faɗi lamba da sunan aikin da ke riƙe da kullen. Ana yawan ba da shawarar a goge fayil ɗin kullen. Wanda ya goge shi aikin yana tafiya, da hannunsa ya jawo wa kansa matsalar farko. A jira minti goma ko ashirin. In ana shakka, `ps aux | grep -i apt` zai nuna ko akwai abin da ke gudana.

Hanyar kauce wa wannan tun farko ita ce a raba saukewa da sakawa. `sudo apt upgrade --download-only` saukewa kawai yake yi, ko wuta ta tafi babu abin da zai lalace, in an dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Sakawar, wadda ita ce mai haɗari, mintuna kaɗan take ci, sai a bari sai an tada janareta ko an koma kan inbata a buga `sudo apt upgrade`.

Illa ta biyu ta fi ban tsoro a ido. An kunna kwamfuta, maimakon ta kai wurin kalmar sirri sai ta tsaya a baƙin allo, da rubutun BusyBox da kalmar initramfs tana jiran umarni. A nan ne ake yanke hukuncin cewa ta mutu. A ɗaga ido layi uku ko huɗu sama, za a ga ta ambaci wani ɓangaren faifai, misali /dev/sda2, ta ce a yi masa fsck da hannu. Abin da ya faru shi ne wuta ta yanke ana cikin rubutu a faifai, lissafin inda kowane fayil yake ya saɓa, ita kuma ta ƙi ci gaba don kada ta ƙara ɓarna. A buga `fsck -y /dev/sda2`, amma da ainihin sunan da ita ta rubuta, don a sababbin kwamfutoci yana iya zama /dev/nvme0n1p2. Harafin y ɗin nan amsa ce ta "e" ga duk tambayar da zai yi, in ba haka ba sai mutum ya gaji da dannawa. In ya gama a buga `reboot`. Guntayen fayil da ya tsinto bai san mazauninsu ba yana zuba su a folda mai suna lost+found, a leƙa can in an rasa wani abu. Gargaɗi ɗaya: ba a yin fsck a kan ɓangaren da ke buɗe ana aiki da shi. Ko dai daga wannan baƙin allon, ko daga filashin da aka tada kwamfutar da shi.

In wannan ya faru sau ɗaya bayan ɗauke wuta, ba komai. In yana maimaituwa ko da an kashe kwamfutar yadda ya kamata, to faifan ne ke ban kwana. A saka smartmontools a buga `sudo smartctl -a /dev/sda`, a duba layi mai lamba 5 da mai lamba 197. Na 5 yana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya su, na 197 yana ƙirga waɗanda suka ƙi karantuwa. In adadin da ke ƙarshen layin ya wuce sifili kuma yana hawa daga sati zuwa sati, a kwashe fayiloli yau, a sayi SSD. Fomatin ba ya warkar da faifai mai ciwo, ɓoye ciwon yake na 'yan kwanaki.

Wani abu kuma da ke da alaƙa da wannan: in kwamfuta ta daskare, kafin a danne maɓallin wuta a gwada Ctrl da Alt da F3. Sau da yawa fuskar ce kawai ta maƙale, can ciki tana da rai, za a samu wurin shiga a buga `sudo reboot`. In ya ƙi, a riƙe Alt da maɓallin SysRq, wanda yakan zauna tare da PrtSc, a danna S, a ɗan dakata, a danna U, a dakata, a danna B. Na farko yana sauke abin da ke RAM zuwa faifai, na biyu yana hana ƙarin rubutu, na uku ya sake kunnawa. A wasu laftof sai an haɗa da Fn.

Sai ɗan batirin agogo, wanda ba ya kai kwabo girma amma ya sa an yi wa kwamfutoci da yawa fomatin a banza. Sunansa CR2032, mai bolt 3, yana manne a jikin babban allon cikin kwamfuta, a laftof kuma galibi an naɗe shi da roba da 'yar waya. Kwamfutocin hannu da batirinsu na asali suke isowa, ga shekaru. Idan ya mutu, duk lokacin da aka cire wuta agogo sai ya koma shekarun baya. Daga nan burauza ta ƙi buɗe shafuka ta ce takardar shaidarsu ba ta da inganci, `apt update` kuma ya ce "Release file is not valid yet", domin a lissafin kwamfutar ranar da aka sa hannu a fayil ɗin ba ta zo ba tukuna. Mutum sai ya zargi kamfanin layi ko ya ce Linux ba ta iya intanet. A buga `timedatectl` a ga kwanan wata. A gyara da `sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos` da `sudo timedatectl set-ntp true`, za ta saita kanta daga intanet. Amma maganin dindindin sabon batiri ne.

Mutuwar batirin tana da wata illa da ta fi wannan. Saitin BIOS, wato 'yar manhajar da ke fara tada kwamfuta kafin Linux, yakan koma yadda ya fito daga masana'anta, sai kwamfutar da aka saka wa Linux a tsarin Legacy ta koma UEFI, ko akasin haka, ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Fayiloli suna nan daram. A shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, a mayar da saitin yadda yake. Shi ya sa muke son duk mai saka Linux ya rubuta tsarin da ya yi amfani da shi a 'yar takarda ya manna a ƙarƙashin kwamfutar. Masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya kuma za su lura agogo yana saɓawa da awa 1 daidai. Linux tana ajiye lokacin duniya a agogon cikin na'ura, Windows tana ajiye na gida, mu kuma muna gaban lokacin duniya da awa 1. `sudo timedatectl set-local-rtc 1` yana sasanta su.

Matsala ta gaba ita ce cikar faifai, kuma alamarta tana ruɗarwa. An sa kalmar sirri daidai, allo ya yi ƙiftawa, ya dawo da mutum wurin kalmar sirri. A sake, haka. Ba mantuwa aka yi ba, fuskar ce ta rasa inda za ta rubuta ɗan fayil ɗin da take buƙata kafin ta buɗe. A danna Ctrl da Alt da F3, a shiga da suna da kalmar sirri, kuma kada a damu in ba a ga komai na fitowa lokacin buga kalmar ba, haka tsarin yake. `df -h` zai nuna cikar kowane ɓangare. In layin da ya ƙare da / ya nuna kashi 100, an kama ɓarawo. Dalilin da ya sa har yanzu sudo, wato umarnin da ke ba da ikon mai kula da kwamfuta, ke aiki shi ne tsarin ext4 yana keɓe kashi 5 cikin 100 na faifai ga mai kula da kwamfuta, saboda irin wannan rana.

Don gano abin da ya cinye wurin, `sudo du -xh --max-depth=1 / | sort -h` zai jera manyan foldoji, mafi girma a ƙasa, sai a bi mafi girman da irin wannan umarni har a kai ga mai laifin. Wuraren da aka saba samu sanannu ne. Ƙunshin da aka sauke aka gama da su, `sudo apt clean` yana share su. Tsofaffin kanel, wato zuciyar manhajar, `sudo apt autoremove --purge` yana cire su, amma a karanta jerin da ya kawo kafin a amince, in an ga sunan fuskar kwamfutar a ciki a ce a'a. Kundin bayanan abin da ke faruwa yana iya kai gigabait 4, `sudo journalctl --vacuum-size=200M` zai rage shi, in kuma aka sa `SystemMaxUse=200M` a /etc/systemd/journald.conf ba zai sake kumbura ba. A Mint, kwafin manhajar kwamfuta da Timeshift ke ɗauka don ajiya, da aka bari suna taruwa kullum a faifai mai gigabait 128 sukan cika shi, a bar biyu ko uku. Kwandon shara ma wuri yake ci, ɗalibai kuwa ba sa zubar da shi.

Akwai wanda ya fi waɗannan wayo. Wani lokaci /var/log/syslog shi kaɗai zai kai gigabait goma ko fiye, saboda wata na'ura a ciki tana maimaita kuka ɗaya dare da rana. Kada a goge shi da rm, domin manhajar da ke rubutu a ciki tana riƙe da shi, wurin ba zai dawo ba sai an sake kunnawa. A fara karanta ƙarshensa da `tail -n 30 /var/log/syslog` a ga kukan mene ne, a rubuta shi, sannan `sudo truncate -s 0 /var/log/syslog` ya mayar da shi fanko. In ba a bi kukan an gyara ba, zai sake cika.

Wannan karatu na kundi shi ne rabin aikin. `journalctl -b -p err` yana kawo kurakuran wannan kunnawar kaɗai. `journalctl -b -1` yana kawo na kunnawar da ta wuce, wadda kwamfutar ta mutu a cikinta, a tafi ƙarshensa. `systemctl --failed` yana faɗin hidimar da ta kasa tashi. In kuma bayan sabuntawa ne wani abu ya daina aiki, a riƙe Shift lokacin kunnawa, ko a danna Esc a masu UEFI, a shiga Advanced options a zaɓi kanel na baya. In komai ya dawo daidai an san inda matsalar take, a zauna a kan tsohon har gyara ya fito.

Batun data kuma, Malam Edita, ya isa a yi masa wasiƙa tasa daban, amma ga kaɗan. Makaranta mai kwamfuta 20 da ke barin kowace ta sauke sabuntawa da kanta tana biyan kuɗin abu ɗaya sau 20. A zaɓi guda a saka mata apt-cacher-ng, a ba ta adireshin da ba ya canzawa a rauta, misali 192.168.1.10. A sauran, a ƙirƙiri fayil /etc/apt/apt.conf.d/02proxy a rubuta `Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";` a ciki. Ta farko da ta nemi ƙunshi za a sauke mata daga intanet, sauran su ɗiba daga ajiya. Sharaɗi biyu: dole uwar, wato wadda aka saka wa apt-cacher-ng, ta kasance a kunne lokacin da sauran ke sabuntawa, kuma dole duka su zama zubi ɗaya, in ba haka ba ribar kaɗan ce. Wannan dabara ba ta kama manhajojin snap, wato wata hanyar saka manhajoji daban da apt, kuma tun Ubuntu 21.10 Firefox a snap yake zuwa, snap kuwa sau 4 a rana yake leƙa ko akwai sabo. Wannan na cikin dalilan da suka sa muka fi son Mint ga makarantu, don ita ba ta zuwa da snap. Mai Ubuntu da ke jona wayarsa ya shiga saitin layin ya nuna cewa mai awo ne, sannan ya buga `sudo snap set system refresh.metered=hold`. Shi ma babban fayil ɗin sakawa, na Ubuntu 24.04 kusan gigabait 6, na Mint kusan 3, a sauke shi da `wget -c` don ya ɗora in layi ya yanke, a gwada shi da `sha256sum` a kwatanta da lambar da masu shi suka wallafa. Sakawar da ke tsayawa a tsakiya ba dalili, sau da yawa fayil ne ya sauka da rauni ko filashi ne na jabu.

Filashin sakawa kada ya bar aljihun mai kula da kwamfutoci. Mai gigabait 16 da Ventoy a kai, wato manhajar da ke ba filashi ɗaya damar ɗaukar fayilolin sakawa da yawa, ya ɗauki Mint da Debian tare. A danna F9 a HP, F12 a Dell da ThinkPad, a tada kwamfutar daga shi ba tare da an saka komai ba, a buɗe faifan ciki a kwashe fayilolin mutane. Ko da a ƙarshe fomatin ɗin za a yi, wannan ne matakin farko.

Wi-Fi da ya ƙi fitowa bayan sakawa, a fara da `rfkill list`. In ya ce an toshe ta ɓangaren na'ura, akwai maɓalli a gefen laftof ko a kibod da aka kashe. In ta ɓangaren manhaja ne, `rfkill unblock all`. In babu toshiya, `lspci -nnk | grep -iA3 net` zai faɗi sunan katin. Broadcom ne ya fi ba da wahala a tsofaffin HP da Dell. A jona wayar Android da kebul a kunna raba intanet ta USB, Linux tana ganin ta nan take, a buɗe manhajar direbobi a saka wanda ta ba da shawara. In an saka bai yi aiki ba, a duba Secure Boot a BIOS, yakan hana direban da ba shi da sa hannu.

Masu shagon buga takardu, firinta ce rayuwarku, don haka ku riƙe wannan. A burauza a rubuta localhost:631, nan ne ofishin firintoci. Idan takarda ta maƙale ko wuta ta tafi ana bugawa, firintar takan koma a dakace, ta ƙi karɓar aiki ko bayan an gyara. `lpstat -p` zai nuna haka, `cancel -a` ya share layin ayyukan da suka taru, `sudo cupsenable` da sunan firintar ya tashe ta. HP LaserJet 1018 da 1020 da P1005 ba su da cikakkiyar manhaja a cikinsu, kwamfuta ce ke tura musu duk lokacin da aka kunna su, don haka sai an buga `hp-plugin -i` sau ɗaya da intanet. Canon LBP2900 tana buƙatar direbanta na CAPT, kuma saka shi akwai ɗan aiki, mai shirin sayen firinta ya san da haka. Takardar Word da ta warwatse a LibreOffice kuwa, galibi rashin irin harafin ne. A saka fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea da fonts-liberation, faɗinsu ɗaya da Calibri da Cambria da Arial da Times New Roman, shafuka za su zauna. Amma gaskiya ɗaya: CorelDRAW ba ta da zubin Linux. Inkscape tana aikin, sai dai wanda abincinsa ke kan fayilolin Corel na kwastomomi ya bar kwamfuta ɗaya a kan Windows. Masu buga Hausa kuma su ƙara kibod ɗin Hausa na Najeriya daga saiti, yana nan a ciki. In ana sauri, Ctrl da Shift da U, sai 253 da Enter ya ba da ɓ, 257 ya ba da ɗ, 199 ya ba da ƙ, 1b4 ya ba da ƴ.

Ƙurar hunturu da zafin bazara ba ruwansu da wace manhaja aka saka. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Katsina ke haura digiri 40, laftof da ke mutuwa da kansa bayan rabin awa ba fomatin yake nema ba. A saka lm-sensors a buga `sensors`. In ya haura digiri 90 ana ɗan rubutu kawai, a buɗe shi, a cire dattin da ya toshe tsakanin fanka da raga, a riƙe fankar da yatsa lokacin hura iska don kada ta yi gudun da zai lalata ta, a goge busasshen man sanyaya inji (thermal paste) da ke kan injin a sa sabo kamar ƙwayar gero biyu. A yi haka ƙarshen hunturu, kafin zafi ya shigo.

A ɗakin kwamfutar makaranta, asusun da aka yi sakawa da shi yana da ikon sudo, kada a ba ɗalibai shi. `sudo adduser dalibi` zai buɗe wani marar iko, wanda iyakar ɓarnarsa foldarsa. Kuma a daina maganin kowace matsalar izini da `chmod 777`, buɗe ƙofa ne ga kowa. In fayilolin mutum sun koma mallakar root, wato babban asusun kwamfutar, saboda an buɗe su da sudo, `sudo chown -R suna:suna /home/suna` ne gyaran. In an manta kalmar sirri, ko malamin da ya san ta an yi masa canjin wurin aiki, a shiga Advanced options, a zaɓi recovery mode, a zaɓi root, a buga `mount -o remount,rw /` sannan `passwd` da sunan asusun. Wannan a Ubuntu da Mint ke nan. Sauƙinsa kuma gargaɗi ne: duk wanda kwamfuta ta shiga hannunsa zai iya haka, saboda haka laftof mai ɗauke da bayanan albashi ko na marasa lafiya a zaɓi rufe faifansa da sirri tun wurin sakawa, a kuma san cewa in wannan kalmar ta ɓace babu mai gyaran da zai dawo da ita.

Timeshift manhajar kwamfuta yake adanawa, ba takardun mutane ba, da yawa ba su san haka ba sai ranar da suka nema. Takardu a kwafe su zuwa faifan waje duk Alhamis kafin a tashi, da `rsync -av /home/suna/ /media/suna/ajiya/`. Karon farko ne ke daɗewa, bayan nan abin da ya canza kawai yake ɗauka. A guji ƙara `--delete` sai an fahimce shi, domin in aka juya wuraren biyu, ajiyar fanko za ta shafe na asali. A cire faifan a ajiye shi a wani ɗaki, kada a bar shi jone, wutar da ta zo da ƙarfi ba ta zaɓe. Wanda kuma ya rubuta faifan waje a /etc/fstab ya ƙara masa `nofail`, in ba haka ba ranar da aka kunna babu shi kwamfutar za ta tsaya a emergency mode tana jiransa.

In abin ya fi ƙarfin mutum zai kira mai gyara, "ta ƙi tashi" ba bayani ba ne. A ɗauki hoton allon da waya yadda rubutun zai karantu, a faɗi abu na ƙarshe da aka yi kafin matsalar, a faɗi ko wuta ta tafi. In kwamfutar tana buɗewa a haɗa da sakamakon `inxi -Fxz`, wanda ke jera duk kayan cikinta, harafin z kuma yana ɓoye lambobin da bai kamata a yaɗa ba. Da waɗannan, mai gyara a Ƙofar Ƙaura zai iya warware wa malami a Daura ko Mai'aduwa matsalarsa ta waya, ba sai an ɗauko kwamfuta an shiga mota ba.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu gyara da kula da kwamfutoci,
Katsina.